Takalmi Ɗaya, Magada Uku: Lamarin Wallabee da Masana'antar Kilkenny

Kamfanoni uku ne a yau suke sayar da takalmi kusan iri ɗaya, kuma kowannensu yana da hujjar da zai kafa ya ce nasa ne na asali. Clarks na Ingila shi ke riƙe da sunan, wato Wallabee. Padmore & Barnes na ƙasar Ailan shi ya yi ta ɗinka takalmin har shekara talatin ko kusa da haka. Sioux na Jamus kuwa shi ya fara fitar da fasalin tun waɗancan biyun ba su sa hannu ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Amma duk wanda ya ji an ce "na asali" ya ɗauka za a miƙo masa irin takalmin da aka ɗinka a 1970, to ya sa rai ne da abin da babu wanda ya yi masa alkawarinsa.

Takalmin ba shi da wani ƙawa mai yawa. Gabansa faffaɗa ne, ya ɗan yi kusurwa, ga wani ɗinki mai kauri da ya zagaye saman yatsu ya tashi tudu. Ramukan igiyarsa kaɗan ne. Fatarsa suwed ce, wato fatar nan da aka goge fuskarta har ta yi laushi kamar karammiski. Ƙasansa kuma ɗanyar roba ce mai kauri, mai launin zuma, wadda ta tafi shafe tun daga yatsu har dunduniya ba tare da wani tsini ba. Ɗinkinsa irin na mokasin ne, takalmin da 'yan asalin Arewacin Amurka suke yi tun kafin Turawa su isa can: fata ɗaya ta naɗe ƙafa ta ƙasa ta hauro gefe da gefe, sannan a rufe saman da wata 'yar fatar. Idan ana lissafin magada da gaske, su ne na farko, duk da babu wanda ke aika musu da ko sisi.

Yadda ya faro

Clarks tsohon gida ne. 'Yan'uwa biyu, Cyrus da James Clark, suka kafa shi a 1825 a garin Street da ke yankin Somerset. Haɗa suwed da ɗanyar roba ba sabon abu ba ne a wurinsu, domin Nathan Clark ya riga ya fito da Desert Boot a 1950, bayan ya ga irinsa a ƙafafun hafsoshin soja a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka samo nasu daga kasuwar Alƙahira.

A 1964 kamfanin Sioux da ke garin Walheim ya fitar da wani mokasin mai suna Grashopper. Daga wannan takalmi Lance Clark, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ya ɗauko fasalin Wallabee. A lokacin shi ke kula da Padmore & Barnes, wata masana'anta a birnin Kilkenny da aka kafa tun 1934, wadda ta koma hannun Clarks a shekarun 1960. A can aka daidaita samfurin, aka koya wa ma'aikata ɗinkinsa, ya fito a 1967.

A Ingila bai yi kasuwa da wuri ba. Amurka ce ta fara rungumarsa. Daga baya Jamaika ta ɗauke shi ta mai da shi abin tinƙaho, har ta kai ko da gwamnatin ƙasar ta hana shigo da takalman waje a shekarun 1970, mutane suka ci gaba da cika akwatuna da Clarks daga Ingila suna kai wa gida. Jamaikawan da suka yi ƙaura zuwa Niyok suka tafi da shi, daga nan ya faɗa hannun mawaƙan gambarar zamani na shekarun 1990, waɗanda har rina shi suke yi launi biyu. Duk Wallabee ɗin da ke waɗannan ƙafafu, daga Kilkenny ya fito.

Rabuwar suna da hannu

A 1987 manajojin Padmore & Barnes suka saye masana'antar daga hannun Clarks, amma suka ci gaba da ɗinka masa Wallabee a matsayin 'yan kwangila. Nan ne tsagewar ta fara, ko da yake ba wanda zai gan ta a jikin takalmi. Suna yana Street, gwaninta tana Kilkenny, kuma abin da ya haɗa su takardar ciniki ce kawai. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 Clarks ya kwashe aikin ya kai Sin. Yanzu akasarin Wallabee da mutum zai ɗaga ya duba, zai ga an rubuta Biyetnam.

Ba Clarks kaɗai ya yi haka ba, guguwa ce ta kwashi kowa. Yau kusan tara cikin kowane takalmi goma na duniya a Asiya ake yin su, kuma Sin kaɗai tana fitar da fiye da rabi. Takalmi sana'a ce mai cin hannu, musamman mokasin, don haka inda ladan ma'aikaci ya yi sauƙi can aikin yake gangarawa. Zuwa 2006 Clarks ya rufe masana'antunsa na ƙarshe a Ingila.

Padmore & Barnes ya ɗan ci gaba da sayar da irin takalmin da sunansa, sannan injinan Kilkenny suka tsaya. Ginin da ke titin Wolfe Tone ya zama kanti. Da aka shiga shekarun 2010, lokacin da kasuwar kayan "gado", wato kaya masu tsohon suna da tsohon fasali, ta buɗe a Turai da Amurka da Japan, sai aka farfaɗo da sunan, aka dawo da samfurin P204 mai gajeren wuya da P404 mai dogon wuya. Amma a Fotugal ake ɗinka su. Sioux shi ma ya dawo da Grashopper ɗinsa. Ke nan tsakanin Clarks da Padmore babu wanda ke yin takalmin a inda ya yi suna, kuma babu wanda hannayen da suka ɗinka na wancan zamanin suke ɗinka nasa.

An taɓa ganin irin wannan a Ingila. Kamfanin NPS da ke ƙauyen Wollaston, mai takalmin Solovair, ya daɗe yana ɗinka wa kamfanin Dr. Martens takalmi bisa lasisi, da suka rabu sai ya ci gaba da nasa, yayin da Dr. Martens ya kai yawancin aikinsa Asiya a 2003. Bambancin shi ne NPS bai taɓa tashi daga ƙauyensa ba. Padmore ya tashi.

Abin da ake gada a takalmi

A ganina, tambayar "a ina aka yi shi?" ita ce mafi ƙarancin amfani a wannan lamari, duk da ita aka fi yi. Abubuwa huɗu ne suke sa wannan takalmi ya zama shi: fata, ɗinki, ƙafar katakon da aka gina shi a kanta, da roba. Kowannensu yana iya tsira daga ƙaura, kuma kowannensu yana iya lalacewa ko da masana'antar ba ta motsa ko taku ɗaya ba.

Fata ita ce babba. Fatar saniya tana da kauri, don haka a majema ana tsaga ta gida biyu ko fiye. Ɓangaren sama, wajen da gashi yake, shi ke da zaruruwa masu matsewa da ƙarfi. Na ƙasa sakwa-sakwa yake. Ana samun suwed ta hanya biyu. Ko dai a bar fatar da ɓangarenta na sama, a juya cikinta waje a goge shi, ko kuma a ɗauki tsagin ƙasa kaɗai a goge. Na farko ya fi tsada, ya fi riƙe siffarsa, kuma ba a rasa gane shi: idan takalmin ba shi da shafi, mutum ya zura hannu ciki zai ji santsin fuskar fata. Na biyu kuwa ciki da waje duk gashi-gashi ne. Wannan ba ya nufin tsagin ƙasa banza ne. Akwai mai kauri, matsattse, da aka jeme da kyau, wanda zai yi shekaru. Akwai kuma wanda aka tsaga har ya yi siriri, aka manna masa yadi ta baya don ya tsaya, wanda wata kaɗan zai saki ya zama jaka.

Majemar da sunanta ya fi fitowa a nan ita ce Charles F. Stead da ke Leeds, wadda ta haura shekara ɗari tana aiki, kuma ita ta ba da fatar Desert Boot tun farko. Har yanzu Clarks yana sayen suwed a wurinta don da yawa daga cikin tsofaffin samfuransa. Wato fatar tana tashi daga Ingila, a ɗinka ta a Asiya, ta dawo a matsayin takalmi. Amma a kula, majema ɗaya tana fitar da fata daraja-daraja, don haka sunanta a jikin kwali bai gaya wa kowa wace daraja aka saya ba. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a shafa yatsa a kan fatar. Mai kyau gashinta gajere ne, cunkus, kuma yatsa yana barin sawu mai duhu idan aka shafa baya, ya goge idan aka shafa gaba. Mara kyau gashinta dogo ne, yana tashi buzu-buzu, wani wuri ya fi wani.

Sai ɗinki. Fatar da ta hauro daga ƙasa ta fi wadda ke sama tsawon baki, saboda haka mai ɗinki dole ya riƙa tattaro ta kaɗan-kaɗan a kowane huji, da allura biyu da zare mai kaki, har bakunan biyu su haɗu daidai. Wannan tattarowar ce ke haifar da 'yan tamojin nan da ake gani a gaban takalmin. Idan gwani ne ya yi, tamojin za su jeru kusan girma ɗaya, ƙafar dama ta yi kama da ta hagu, kuma idan aka buɗa bakin ɗinkin da babban yatsa ba za a ga zaren ya yi sako-sako ba. Idan ɗan koyo ne, ko gwanin da aka ce ya gama ninkin abin da ya saba a yini, za a ga fata ta taru a gefe ɗaya, gaban takalmin ya karkace. Wannan aiki ba shi da ƙasa. Wanda ya shekara goma yana yi a Biyetnam ya fi wanda ya fara bara a Fotugal, haka ma idan aka juya. Abin da ke yanke hukunci shi ne yawan lokacin da kamfani ya yarda ya biya a kan kowace ƙafa, da kuma nawa mai duba aiki yake mayarwa.

A nan ne ma ake kama jabu. Kasuwa cike take da takalma masu wannan fasali waɗanda ɗinkin gabansu ado ne kawai, inji ya zana shi a kan fata, ƙasansu kuma kwali ne aka manne. Kama da wane ba ta wane. Idan shimfiɗar ciki tana ɗaguwa, a ɗaga ta a leƙa: a mokasin na gaskiya fatar gefe za ta ci gaba ta bi ƙarƙashin tafin ƙafa.

Ƙafar katako, wadda yanzu galibi ta roba mai tauri ce, ita ce siffar da ake ja fata a kanta. Ita ke tsara faɗin yatsu, tsayin gadon ƙafa da yadda dunduniya za ta kama. Ba a ganinta a shago, amma ita ce abin da tsohon mai saye yake nufi idan ya ce sabon bai zauna masa kamar na da ba. Sauyin da bai wuce milimita biyu ko uku ba ya isa ƙafa ta ji. Kamfanoni suna taɓa ta ne a kan dalilai da yawa, wani lokaci don tsimin fata, wani lokaci don siffar ta dace da yayi ko da ƙafafun sabuwar kasuwa. Babbar hujjar mai farfaɗo da tsohon suna a nan take, idan har yana riƙe da tsofaffin ƙafafun da takardun yanka na asali. Wannan gado ne da ake iya ɗauka a mota a kai wata ƙasa bai ragu ba.

Robar da ake zargi

Yawancin ƙorafin da ake yi wa waɗannan takalma a kan ƙasansu yake faɗawa, kuma rabinsa ba laifin kowa ba ne. Ɗanyar roba, wadda ake kira kiref, ruwan itacen roba ne da ake tsagawa a tara, a zuba masa asid ya daskare, a bi da shi ta cikin injin matsa har ya zama faifai masu kurji-kurji, a shanya, sannan a jera su a manne har su yi kaurin da ake so. Ba a dafa ta da farar wuta ba, wato hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, wadda ke sa roba ta daina damuwa da zafi ko sanyi. Don haka halinta na asali yana nan. Da sanyi takan yi tauri. Da zafi takan yi laushi har ta riƙa danƙo. Tana kwasar ƙura da gashi, sati kaɗan gefenta ya yi baƙi, kuma babu sabulun da zai mai da ita launin zuma. Fetur da mai suna narkar da ita. A kan jiƙaƙƙen tayil tana zamewa. Tana da nauyi.

Haka take a 1967, haka take yau. Mutumin da ya sayi takalmin ya ga ƙasan ya yi baƙi ya ce inganci ya faɗi, a gaskiya shaidar roba ta gaske ya gani. Ta kwaikwayo, wadda ake zubawa a mazubi a yi mata zanen kurji, ita ce ba ta baƙi da wuri. Ana gane ta da rashin nauyi, da zanen da ke maimaita kansa, da wani siririn layi a gefe inda bakin mazubin ya haɗu. Abin dariya, a wurin ruwa da sanyi wani lokaci ta fi ta gasken aiki. Amma ba ta da wannan taushin da ke sa a ji kamar ƙasa tana karɓar ƙafa, wanda shi ne dalilin da ya sa aka so takalmin tun farko.

Ƙorafin da ke da tushe shi ne na ɓanɓarewa. Gam ne ke riƙe robar da fata, kuma kiref ba ta son gam sai an kankare fuskarta an shafa mata sinadari an bar shi ya sha iska gwargwadon lokacinsa. Idan aka yi gaggawa a wannan mataki, baki zai buɗe a wajen yatsu. Wannan kam laifin masana'anta ne, ko ta ina take.

Akwai kuma wani abu da masu kewar na da ba su cika sawa a lissafi ba. Tsofaffin takalman Kilkenny da ake nunawa a yau su ne waɗanda suka tsira. Waɗanda ɗinkinsu ya kwance ko robarsu ta narke an zubar da su tun shekara arba'in da suka wuce, ba su nan balle su ba da shaida. Ana gwada zaɓaɓɓun jiya ne da gama-garin yau. Ban ce babu abin da ya ragu ba. Kamfanin da ke yin miliyoyin ƙafa kuma yake son farashi ya tsaya inda talaka zai iya kaiwa, dole ya rage wani abu, kuma inda aka saba ragewa shi ne inda ido ba ya kaiwa: kaurin fata, shafi, da shimfiɗar ciki, inda soso mai rufin yadi ke maye gurbin fata. Araha ba ta ado. Sai dai tsada ma ba ta rantsuwa, domin wani ɓangare na kuɗin da ake biya wa ƙaramin kamfanin "gado" kuɗin ƙarancin adadi ne da kuɗin labari.

Abin da tambarin ciki ke faɗa

A Tarayyar Turai, tun wata doka ta 1994, dole takalmi ya zo da alamomin da ke nuna abin da aka yi sassansa uku da shi: sama, shafi da shimfiɗar ciki, sai ƙasa. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata yana nufin fata ce. Idan da ɗan lu'ulu'u a tsakiyarta, fata ce da aka lulluɓe da wani abu. Zanen saƙa yadi ne, lu'ulu'u shi kaɗai kuma yana nufin sauran kayayyaki. Abin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na sashen shi ake nunawa. Wannan yana da amfani, musamman layin tsakiya, don shi ke tona asirin shimfiɗar ciki. Amma alamar ba ta bambanta suwed mai ɓangaren sama da siririn tsagin ƙasa, duka fata ne a wurinta. Kuma ɗanyar roba da ta kwaikwayo duk lu'ulu'u ɗaya suke samu.

Sunan ƙasa ma haka. A ƙa'idar kwastan, ƙasar da aka yi babban aiki na ƙarshe ita ke ɗaukar sunan, don haka ana iya ɗinka saman takalmi a wata nahiya, a kawo shi Turai a ja shi a sa masa ƙasa, ya fito da sunan Turai. A mokasin kuwa ɗinkin saman nan shi ne zuciyar aikin. Wannan ba zargi ba ne a kan wani daga cikin kamfanonin uku, bayani ne na iyakar abin da rubutun zai iya tabbatarwa. Arewacin Fotugal, wajen Felgueiras da Guimarães, yana da masana'antun takalmi na ƙwarai da suka daɗe suna yi wa manyan sunayen Turai aiki, kuma kusancinsu yana ba ƙaramin kamfani damar yin oda kaɗan ya kuma je ya tsaya a kan aikinsa. Wannan fa'ida ce ta gaske, kuma ita ce ta fi ƙarfi a hujjar Padmore, fiye da shekarar 1934 da ke jikin tambarinsa.

Da aka gwada komawa gida

Clarks da kansa ya taɓa gwada mai da hannun agogo baya. A 2017 ya sanar da buɗe sabuwar masana'anta a Street, garin da ya faro, don yin Desert Boot da taimakon injina masu sarrafa kansu, da burin ƙafa dubu 300 a shekara. A 2019 aka rufe ta, saboda ba ta kai adadin da aka sa mata ba kuma kuɗin aikin ya ƙi sauka. Ga gini, ga suna, ga fatar Leeds a kusa, amma masu ɗinki na garin sun tsufa ko sun kama wata sana'a, kuma masu kawo ƙananan kayan aiki da ke kewaye da kowace masana'anta sun daɗe da watsewa. Desert Boot kuwa ya fi Wallabee sauƙin haɗawa nesa ba kusa ba, tunda ba shi da wancan ɗinkin hannu na gaba.

Shekara guda bayan haka annobar korona ta rufe shaguna, kamfanin ya shiga matsi, kuma a 2021 kamfanin zuba jari na LionRock Capital da ke Hong Kong ya zuba fam miliyan 100 ya karɓi rinjayen hannun jari. Karo na farko ke nan tun 1825 da iyalin Clark suka rasa iko da kamfanin da ke ɗauke da sunansu. Ba a sauya wa Wallabee suna ba, ba a sauya masa fasali ba, kuma 'yar fatar nan da ke rataye a igiyarsa tana nan yadda take. Wanda ke yanke shawarar kaurin fatar da za a saya da mintin da za a ba mai ɗinki ne ya sauya.